Shin Akwai Wani Abu Wai Shi Laifin Siyasa, Ko Laifi Duk Laifi Ne?

Wani ɗalibi mai karatun ilimin zamantakewa ya rubuto yana cewa: "Malam, a darasin nazarin laifuffuka an ce mana akwai wani ɓangare da ake kira laifin siyasa. Ni dai ban gamsu ba. Wanda ya kashe mutum don ya ƙwace masa babur da wanda ya kashe mutum saboda jam'iyya ko aƙida, ai duk rai suka ɗauka. Me ya sa za a ware wa na biyun suna na daban? Anya ba wanke shi ake so a yi ba?"

Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Matsayin da firaministar Birtaniya, Margaret Thatcher, ta kafe a kai ke nan a 1981, lokacin da fursunonin IRA, ƙungiyar 'yan bindiga mai neman raba yankin da mulkin Birtaniya, suke yajin cin abinci a Ireland ta Arewa suna neman a ɗauke su fursunonin siyasa. Cewa ta yi laifi laifi ne, babu siyasa a ciki. Dokar laifuka ma haka ta tafi a galibin ƙasashe: idan mutum ya kashe rai da gangan, alƙali ba ya buƙatar sanin abin da ya tunzura shi kafin ya same shi da laifin kisa. Uwar da aka kashe wa ɗa kuwa ba ruwanta da ko ɗan fashi ne ya harbe shi ko ɗan gwagwarmaya. Gawa aka kawo mata. A nan ina tare da kai.

Inda muka rabu shi ne, aikin alƙali daban, na mai nazarin laifuffuka daban. Alƙali tambayarsa ita ce ya aikata ko bai aikata ba. Mu kuwa so muke mu san me ya kai shi, wa ya aike shi, wa ya amfana, kuma me za a yi don kada wani ya bi sahunsa. Da ka shiga waɗannan tambayoyi za ka tarar matakin da ke tsorata ɓarawon babur ba lallai ya tsorata mai aƙida ba, wani lokacin ma ƙara masa magoya baya yake yi.

Stephen Schafer, wani masani ɗan asalin Hungary da ya koyar a Amurka, ya fayyace bambancin a 1974. Ɓarawo ya yarda da dokar da ya karya. Shi ma in aka shiga ɗakinsa aka yi masa sata, wurin 'yan sanda zai kai ƙara. Fatansa kawai kada a gan shi. Amma wanda yaƙini ya tura, tun farko bai yarda dokar tana da iko a kansa ba, kuma so yake a gan shi a ji shi, har kotun ma wurin wa'azi ce a gare shi. A shari'ar Rivonia da aka yi a Afirka ta Kudu a 1964, Nelson Mandela bai musa cewa yana cikin waɗanda suka tsara lalata kayan gwamnati ba. Tsayawa ya yi ya zayyana dalilansa, alhali ya san ana iya yanke masa hukuncin kisa. Mutumin da ya riga ya sallama ransa, da wane ɗauri za ka razana shi?

Kada ka ɗauki wannan a matsayin yabo. Waɗanda suka tayar da bam a tashar motar Nyanya a watan Afrilun 2014 suka hallaka ma'aikata da 'yan ci-rani da sassafe, su ma yaƙini ne ya tura su. Yaƙini ba hujjar gaskiya ba ne. Abin da nazari ke cewa shi ne irin wannan mutum yana da hanyar da yake kashe bakin zuciyarsa da ita: yana gaya wa kansa cewa biyayya yake yi ga abin da ya fi doka girma, kuma wanda ya kashe ba mutum ne mara laifi ba, abokin gaba ne. Gresham Sykes da David Matza sun bayyana irin waɗannan dabarun wanke kai tun 1957, kodayake a kan yara masu ƙananan laifuka suka yi maganarsu. Wanda bai fahimci wannan ba, ba zai iya raba matashi da ƙungiyar da ta ɗauke shi ba.

Akwai wani bincike da nake so duk mai sha'awar wannan fanni ya sani. A 2009, Gary LaFree da Laura Dugan da Raven Korte suka ɗauki manyan matakai shida da gwamnatin Birtaniya ta bi a Ireland ta Arewa tsakanin 1969 da 1992, suka duba ko hare-hare sun ragu ko sun ƙaru bayan kowanne. Uku daga ciki ƙara hare-haren suka yi: tsare mutane ba tare da shari'a ba da aka fara a 1971, da janye wa fursunoni matsayinsu na musamman a mayar da su masu laifi gama-gari, da harbe 'yan IRA uku a Gibraltar a 1988. Ɗaya tak aka ga ya rage, shi ne lokacin da aka jibge sojoji a 1972 suka karɓe unguwannin da suka gagari hukuma. Wato matsayin nan na "laifi laifi ne", da aka mayar da shi manufar gwamnati, sai ya haifar da kishiyar abin da ake nema. Bobby Sands, ɗaya daga cikin fursunonin IRA, yana kwance cikin yajin cin abinci aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Birtaniya, ya mutu ranar 5 ga Mayu 1981 bayan kwana 66, wasu tara suka bi bayansa, kuma daga nan jam'iyyar Sinn Féin mai alaƙa da IRA ta shiga harkar zaɓe gadan-gadan. Mu ma mun ga mai kama da haka. Kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri a ƙarshen Yulin 2009, ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, bai kashe ƙungiyarsa ba. Ba na cewa shi kaɗai ne sanadin abin da ya biyo baya, amma ya ba waɗanda suka tsira labarin da suka yi shekaru suna jan matasa da shi.

Wannan shi ne dalili na farko. Na biyun ya fi wuya, kuma shi ne ya sa fannin bai taɓa zama lafiya ba: wa ke da ikon sanya sunan?

A sata ko fyaɗe, hukuma tana tsakiya ne tsakanin mai ƙara da wanda ake ƙara. A laifin siyasa kuwa ita ce mai ƙara, ita ta rubuta dokar, ita ke da 'yan sanda da gidan yari. Masanin laifuffuka Austin Turk ya gina nazarinsa a kan wannan: zama "mai laifin siyasa" matsayi ne da masu iko ke ɗora wa wanda suke ganin barazana ne gare su, saboda haka dole a nazarci mai ɗorawar kamar yadda ake nazartar wanda aka ɗora wa. Tarihin Najeriya kaɗai ya isa misali. A 1963 aka ɗaure Cif Obafemi Awolowo shekara goma bisa laifin cin amanar ƙasa. A watan Agustan 1966 Gowon ya sake shi, shekarar da ta biyo ya zama kwamishinan kuɗi na tarayya. An ɗaure Obasanjo a 1995 bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, ya fito a 1998, ya zama shugaban ƙasa a 1999, shi kuwa Shehu Musa 'Yar'aduwa da aka ɗaure su a kan zargi ɗaya ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disambar 1997. An tuhumi Abiola da cin amanar ƙasa a 1994, ya mutu a tsare a 1998, amma a 2018 gwamnati ta ba shi lambar girmamawa mafi girma ta ƙasa, ta kuma mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya. Iyayenmu 'yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai a shekarun 1950 bisa tuhumar taro ba izini ko zagin sarki. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama, yau kuwa akwai babban asibiti da sunanta a Zariya. Aikin da suka yi bai canza ba, mai mulki ne ya canza. Ba ka ganin irin wannan a kan ɗan fashi.

Su ma lauyoyi sun daɗe suna fama da batun, musamman wajen miƙa wanda ya gudu wata ƙasa. Beljiyam ce ta fara sa wa a doka a 1833 cewa ba za ta miƙa mai laifin siyasa ba. Ba a jima ba aka ga gibin: wasu suka yi yunƙurin tarwatsa jirgin ƙasan da sarkin Faransa Napoleon na Uku zai shiga, suka fake a Beljiyam, dole a 1856 aka gyara dokar aka cire kashe shugaban ƙasa ko iyalinsa daga kariyar. A Ingila, kotu ta ƙi miƙa Angelo Castioni ga Suwizalan bayan ya harbe wani jami'in gwamnati a tsakiyar boren da aka yi a yankin Ticino a 1890, domin a cikin tashin hankalin siyasa ya yi harbin. Amma a 1894 ta miƙa wani Bafaranshe mai suna Meunier da ya sa bam a gidan shan shayi da barikin soja, tana cewa shi ba mulki yake nema ya karɓa ba, gaba yake da al'umma gaba ɗaya. Anthony Enahoro, ɗan siyasar Najeriya da aka tuhuma tare da Awolowo ya gudu Ingila, ya faɗa tarkon wani gibin a 1963: dokar 1881 da ta shafi ƙasashen renon Ingila ba ta da wannan kariya, sai aka tiso ƙeyarsa daga Landan zuwa Legas duk da hayaniyar da aka yi a majalisar Birtaniya.

Wurin da aka fi zama a tsanake aka auna wannan tambaya taka, a ganina, shi ne Afirka ta Kudu bayan mulkin wariyar launin fata. Dokar 1995 da ta kafa Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta ce za a iya yi wa mutum afuwa in aikinsa yana da alaƙa da manufar siyasa, kuma ya faɗi gaskiyar abin da ya yi duka. Ba a bar wa mai nema ya ce "siyasa ce" kawai ba. Ana duba niyyarsa, da yanayin da abin ya faru, da wa aka nufa da harin, da ko wata ƙungiya ko hukuma ce ta ba shi umarni ko ta amince, da ko girman ɓarnar ya yi daidai da manufar da yake iƙirari. Wanda ya yi don abin duniya ko don ƙiyayya ta ƙashin kansa, babu shi a ciki. Fiye da mutum 7,000 suka nema, 849 suka samu.

Ka dubi shari'u biyu daga cikinsu. Ranar 10 ga Afrilu 1993 Janusz Waluś ya harbe Chris Hani, shugaban jam'iyyar kwaminisanci, a ƙofar gidansa da ke Boksburg, da bindigar da wani ɗan siyasa, Clive Derby-Lewis, ya ba shi. Manufarsu siyasa ce tsantsa: su jefa ƙasar cikin rikici don a fasa miƙa mulki. Duk da haka a 1999 aka hana su afuwa, domin kwamitin ya gano ba da umarnin jam'iyyarsu suka yi ba, kuma ba su faɗi gaskiya duka ba. A watan Agusta na wannan shekara ta 1993, wasu matasa a unguwar Gugulethu da ke Cape Town suka tare motar Amy Biehl, wata ɗaliba Ba'amurkiya 'yar shekara 26 da ta zo taya baƙar fata gwagwarmaya, suka jefe ta da duwatsu, suka caccaka mata wuƙa har ta mutu, don kawai farar fata ce. Huɗun da aka ɗaure sun samu afuwa a 1998, saboda an yarda daga taron ƙungiyar ɗalibai ta jam'iyyar PAC mai yaƙi da wariyar launin fata suka fito, suna ganin manufarta suke zartarwa. Iyayen yarinyar ba su yi jayayya ba, daga baya ma biyu daga cikin matasan suka yi aiki a gidauniyar da aka kafa da sunanta. Har yau ana muhawara a kan hukunce-hukuncen nan biyu, kuma ni kaina ina ganin na biyun ya faɗaɗa ma'anar siyasa fiye da kima. Amma ka lura, sanya wa abu sunan siyasa bai wanke kowa kai tsaye ba. Ƙofar tambayoyi ya buɗe, kuma mafi yawan masu nema ba su tsallake su ba.

Sai ɓangaren da littattafan farko suka tsallake. Cesare Lombroso, likitan Italiya da ake kira uban wannan fanni, ya yi rubutu a kan laifin siyasa tun 1890, amma idonsa yana kan masu bore da masu ra'ayin rushe gwamnati ne kawai. An daɗe a haka kafin a juya a dubi ita gwamnatin. A 1988 William Chambliss ya yi amfani da jawabinsa na shugaban ƙungiyar masana laifuffuka ta Amurka ya ce a nazarci laifin da jami'an hukuma ke aikatawa a bakin aikinsu, da sunan ƙasa. Ya kawo misalin 'yan fashin teku irin su Francis Drake, wanda sarauniyar Ingila ta ba sarauta bayan ya wawashe jiragen Sifen. In ka ƙirga gawarwaki, abin da gwamnatoci suka kashe ya ninka abin da 'yan tawaye suka kashe nesa ba kusa ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin duk darasin laifin siyasa da bai taɓo hukuma ba rabin darasi ne.

Stanley Cohen ya nuna yadda hukumomi ke musun irin wannan laifi hawa uku: ko su ce ba a yi ba, ko su ce an yi amma ba abin da kuke zato ba ne, ko su ce an yi amma dole ce ta sa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga hawa na biyu ƙiri-ƙiri. Ranar 9 ga Afrilu 1999 dogaran fadar shugaban ƙasa suka harbe Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin saman Yamai. Sanarwar da firaminista ya yi wa jama'a cewa ta yi mummunan haɗari ne ya rutsa da shi. Kwamandan dogaran, Dauda Malam Wanke, ya hau mulki, kuma kundin tsarin mulkin da aka rubuta a wannan shekara ya yi wa waɗanda suka yi juyin mulkin afuwa. An kashe mutum, an canza wa kisan suna, sannan an rufe ƙofar kotu da doka. Wani lokacin ma dokar ce makamin, kamar kotun musamman da ta yanke wa Ken Saro-Wiwa da mutum takwas hukunci ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba, aka rataye su a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995. Shi ya sa wasu masana, irin su Herman da Julia Schwendinger tun 1970, suka ce ma'aunin ya zama haƙƙin ɗan'adam, domin in aka tsaya ga dokar ƙasa kaɗai, mai rubuta doka ba zai taɓa zama mai laifi ba.

Wannan yana jawo wa mai bincike wahala ta zahiri. Alƙaluman laifuka daga hannun 'yan sanda suke fitowa, su kuwa ba za su rubuta kansu a ciki ba. Kwamitin Oputa, wanda aka kafa don binciken take haƙƙin ɗan'adam a Najeriya, ya saurari koke-koke ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka sake shi a 2005. Dole mai nazari ya haɗa da jaridu, da bayanan kotu, da rahotannin kwamitoci, da bakin waɗanda abin ya shafa.

To amma in ka tambaye ni wane irin laifin siyasa ne ya fi damun Arewa a yau da kullum, ba mai aƙida ba ne, ba kuma mai juyin mulki ba. Ɗan daba ne. 'Yan Kalare a Gombe, Sara-suka a Bauchi, 'yan daba a Kano, waɗanda ake kira Ecomog a Borno. Abin ba sabo ba ne, tun zamanin NPC da NEPU akwai 'yan banga. Yaron da ya sha ƙwaya ya ɗauki gora ko adda ya tarwatsa rumfar zaɓe, in ka zaunar da shi ba zai iya gaya maka manufar jam'iyyar da ya yi wa faɗa ba, kuma zaɓe mai zuwa kana iya ganinsa a motar abokan hamayya. Schafer ya yi maganar masu fakewa da aƙida alhali aljihunsu suke yi wa aiki, amma namu ya wuce nan, domin niyyar tana wurin wani, wuƙar tana hannun wani. Mai niyyar siyasa yana zaune a falo, kamar ɓarawon zaune, bai taɓa makami ba. In muka bi ƙa'idarka ta "laifi laifi ne" muka tsaya, yaron za a kama da tuhumar tayar da hankali ko raunata mutum, kuma an yi daidai a doka, amma wanda ya biya shi ko sunansa ba zai shiga takarda ba. Kiran abin da sunan laifin siyasa shi ne ke tilasta mana mu ɗaga kai mu tambayi wa ya aike shi. Ka ga a nan sunan ba wanke kowa yake yi ba, faɗaɗa zargin yake yi har ya kai ga ubangida.

Ba wai ba a san haka ba ne. Human Rights Watch ta rubuta yadda 'yan siyasa ke ɗaukar nauyin 'yan Kalare tun 2007. Kwamitin gyaran harkar zaɓe na Mai Shari'a Uwais ya ba da shawara a 2008 a kafa hukuma ta musamman don gurfanar da masu laifukan zaɓe, aka shafe fiye da shekara goma ba a kafa ta ba, nauyin yana kan INEC da aikin shirya zaɓe ma ya sha mata kai. Bayan zaɓen 2011 an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa, aka kafa kwamitin Sheikh Ahmed Lemu. Kuma in zaɓe ya wuce, ubangida ya rufe ƙofa, makaman ba sa komawa inda suka fito. Yaran da aka yi amfani da su ne ke juyawa su shiga ƙwacen waya da faɗan unguwa, wato laifin da aka haifa a siyasa ya rikiɗe ya zama laifi gama-gari, alƙaluman hukuma kuma su rubuta shi ba tare da ambaton asalinsa ba.

In kana neman abin da za ka yi aikin kammala karatu a kai, ga shi nan kusa da kai. Ka nemi izini ka shiga rajistar kotun majistare ta garinku, ka zaƙulo fayilolin waɗanda aka kama a makon zaɓen da ya wuce. Ka duba da wace tuhuma aka gurfanar da su, nawa aka kai ƙarshen shari'arsu, nawa aka janye, wane lauya ne ya tsaya musu, kuma wa ya sa hannu a takardar belinsu.